Saura Igiya Ɗaya

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan Azahar

Baƙi kaɗan ne yau a kufai: wasu injiniyoyi Turkawa masu aikin hanyar Darna, da wani mutumin Misrata da iyalinsa. Na zagaya da su yadda na saba tun ina saurayi a wannan aiki: ƙofar yamma, majami'a mai fararen ginshiƙai, gidan wankan Rumawa, gidan hakimi, sai dandalin wasa da aka sassaƙa a jikin dutse. Na gaya musu Girkawa suka kafa birnin, suka sa masa Abuloniya, Rumawa suka gaje shi, girgizar ƙasa ta tura rabinsa cikin teku, mu mutanen Susa muka gaji ragowar. A nan ake yin dariya, kuma sun yi.

Ɗaya daga Turkawan ya ce ya ji ana hango tsohuwar tashar jirage a ƙarƙashin ruwa in teku ya lafa. Na ce yau bai lafa ba. Ya dubi ruwan, kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma, ya dube ni.

Najiya maiɗakina tana asibitin Baida tun Alhamis, wajen yaronmu Miftah da aka kwantar. Na ci abincin rana a gidan ƙanena Sa'ad.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

An wuce da shi Bangazi. Sa'ad ne ya bi su. Ni na buɗe ƙofar kufai kamar kullum.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan La'asar

Na je shagon shayin Faraj, karo na farko tun Alhamis. Ina shiga masu karta suka ajiye kartarsu. Faraj ya kawo mini shayi, kumfarsa har bakin kofi, ya koma bayan tukunyarsa yana goge abin da ba ya bukatar gogewa.

Tunda ba ni da wanda zan gaya wa, bari in rubuta yadda aka yi. Kafin azumin da ya wuce wasu masunta suka jefa jalatina a kan tsohuwar tasha. Nakiya ce, a cusa a gwangwani, a kunna, a jefa, kifi ya taso matacce a kwashe. A ramukan ginin da ya nutse kifi ke taruwa, kowa ya sani. Washegari na nutsa na duba, na tarar da wani dutsen matakala da ya shekara dubu biyu a zaune ya rabe gida biyu. Na zo shagon nan ina ta ruwan bala'i. Faraj, wanda bakinsa ba ya hutu, ya ce, "Alhaji Atiya, sassauta mana. Ɗanka ma masunci ne. In aka wayi gari Miftah ne ya jefa fa?"

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa na miƙe na buga tebur, na ce in Miftah ya taɓa jefa jalatina a ruwan nan, ba zan ƙara kallon fuskarsa ba, in na kalla Najiya ta saku. Shagon cike yake ranar. Har da wanda ya tafa.

Babu namijin da ke zama a shagon nan da bai taɓa rantsewa da matarsa ba, a kan abin da bai kai wannan ba. Bambancina da su kawai, ni saura igiya ɗaya.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan Magariba

Najiya ta kira. Ta ce yana shan ruwan miya da cokali, ita ke ba shi. Ta ce kada in manta da shayar da na'ana'ar bayan gida. Na ce to. Ina jin ana kiran wani likita a bayanta.

Na ce, "Kin ji maganar?"

"Wacce? Wadda duk Susa ta ji tun kafin azumi?"

"Ban san za ta zo haka ba."

"Baban Miftah, kai ba ka taɓa sani ba. Ta farko a kan rago ka sake ni, don ɗan baffanka na Tubruk ya ce ba zai tsaya cin abinci ba, ka rantse da ni sai ya ci. Ya hau motarsa ya tafi, ni na tafi gidanmu, kai ka cinye ragon. Ta biyu a kan taba, ka rantse ka daina sha. Ko sati ba ka yi ba. Ni dai ban taɓa yin tsada a bakinka ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta ko yana tambayata, ta ce ma'aikaciyar jinya ta shigo, sai gobe.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan La'asar

Bayan an idar da salla na tsaya wajen Ustaz Hamad, sabon limamin nan mai ƙaramin gemu. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya tambaye ni, da na faɗa, sakin nake nufi ko tsoratarwa? Na ce tsoratarwa mana, wa zai saki Najiya a kan kifi? Ya ce to rantsuwa ce kawai, in ciyar da miskinai goma in je in duba ɗana, kuma ko kotu aka je abin da za a gaya mini ke nan. Na fito ina jin kamar an sauke mini buhun siminti.

Daga nan ƙafata ta kai ni gidan Shehu Abdulwanis, ban san me ya kai ni ba. Shi ya ɗaura mana aure, shi ya ƙirga biyun farko, shi ya mayar mini da ita duka biyun. Ya tsufa ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji. Da ya ji, ya ce, "Atiya, saki ba a wasa da shi, ko da wasa aka yi ya yiwu. Da na ce maka na rago saki ne, ka yarda. Da na ce na taba saki ne, ka yarda. Yanzu da ta zo a kan ta ƙarshe kake yawon neman malami mai araha?"

Na ce yaron yana kwance. Ya ce ya sani, ya yi masa addu'a a sallar Asuba, kuma hawaye na gani a idonsa. Amma bai canja ko harafi ɗaya ba.

Da yamma kufai ya cika da iyalai, ga wasu ango da amarya suna ɗaukar hoto tsakanin ginshiƙai. Na hana wasu samari hura gawayi a gidan hakimi.

Asabar, 12 ga Oktoba, da safe

Na gaya wa Najiya abin da Ustaz Hamad ya ce. Na Shehu ban faɗa ba, ashe matarsa ta riga ni.

Ta ce, "Sau biyu ina zaman idda a ɗakin uwata, ina jin maƙwabta suna dariya ta katanga, don Shehu ya ce saki ne. Yanzu a ce mini wasa ne? To wancan zaman na mene ne? Ni ba zan kwana ɗaki ɗaya da shakka ba, Baban Miftah. Abin da Shehu ya faɗa shi ke nan a wurina."

Na san ta. Ko Bangazi gaba ɗaya za ta sa hannu a takarda, Najiya ba za ta motsa ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da rana

Teku ya lafa. Ban je gefen ba.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan Azahar

'Yan makarantar mata daga Shahat, mota guda, da malamansu biyu. Na zaunar da su a matakalan dandalin wasa, bayansu dutse, gabansu teku, na sauka ƙasa na yi magana a hankali don su ji yadda murya ke hawa har layin ƙarshe ba tare da lasifika ba. Ina cikin ba su labarin jiragen da ke lodin alkama da man zaitun zuwa Rum, sai tayar wata babbar mota ta fashe a kan titi. Yaran suka yi ihu, suka koma dariya. Ni sai ganina na yi zaune a ƙasa. Wata malama ta ba ni ruwa, ta ce ko hawan jini ne. Na ce shi ne.

A daidai wurin nake tsaye waccan Alhamis ɗin. Na san ƙarar jalatina kamar yadda na san tarin Najiya: a ƙasa take tashi, ruwa ya haɗiye ta, ka ji ta a tafin ƙafa kafin kunne. Ta ranar ba haka take ba. A sama ta tashi, kamar tun ba ta bar hannun mai jefa ta ba. Na ce wa baƙin da ke gabana masunta ne marasa tarbiyya, na ci gaba da bayanin matakalai. Sai da na kai su ƙofa na ga mutane suna gudu zuwa bakin ruwa, na kuma ga kalar kwalekwalen da ake jawowa. Na Miftah ne, ni na shafa masa wannan fentin da hannuna.

Har yau ban tambayi kowa dalilin da ya sa ya yi ba. A gari ana faɗin iri-iri.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan La'asar

Shagon Faraj. Yanzu sun daina ajiye karta in na shigo, sun koma ba ni shawara. Wannan ya ce in bi Ustaz, wancan ya ce Shehu ba a tsallake maganarsa. Wani ya ce in duba ɗana, in ya so daga baya a nemo wanda zai yi auren kisan wuta. Na dube shi har ya sunkuyar da kai. Najiya, da ta je Makka sau biyu, ita za a yi wa wannan.

Faraj ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi da rana. Ya ce, "Alhaji, ni na jawo, bakina ne. Amma ɗa ɗa ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka—"

Bai ƙarasa ba. Ya tashi ya fita ta ƙofar baya, kuma har na tafi bai dawo ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Na'ana'a ta bushe. Na shayar da ita duk da haka.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan Magariba

Wata tsohuwa 'yar Italiya ta zo da jikarta. Ta ce a Susa aka haife ta zamanin mulkinsu, ubanta yana gadin fitilar bakin teku. Tana jin Larabcinmu kaɗan-kaɗan, irin na kakanni. Tafiya ta gagare ta, don haka muka zauna a kan wani ginshiƙi da ya faɗi, jikar ta tafi yawonta. Ta tambaye ni 'ya'ya nawa. Na ce ɗaya, namiji. Ta ce in nuna mata hoto. Na buɗe waya na miƙa mata ina kallon gefe. Ta ce kyakkyawa, yana da gashin girata. Ta ce wane aiki yake yi? Na ce yana hutawa yanzu.

Tun ranar farko na juya hotonsa na falo ya fuskanci bango, don gudun kuskure. Bayan Juma'a na tambayi Shehu. Ya yi dariya har ya yi tari, ya ce hoto ba fuska ba ne, takarda ce. Na dawo na juyo da shi. Na ranar da ya sayi injin kwalekwale ne, ya ɗaga hannuwa biyu sama kamar wanda ya ci ƙwallo. Na daɗe a gabansa. Abincin da matar Sa'ad ta aiko ya huce a kan tebur.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Sa'ad ya dawo daga Bangazi. Ya zo kufai ya same ni, bai sauka gida ba. Ya ce idon yaron na hagu an daina maganarsa. Na daman ne za a yi wa aiki ranar Alhamis, akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da dole a cire. Yanzu yana gani da shi, dishi-dishi. Bayan aikin kuwa likita ya ce ko a samu ko a rasa, ba zai yi alkawari ba.

Da yamma Najiya ta kira. Ta ce, "Ya ce yana so ya gan ka kafin Alhamis."

Na ce, "Ke me kika ce?"

"Ni ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Ba ni na rantse ba."

"In na zo kin san abin da zai faru."

"In ba ka zo ba ma na san abin da zai faru."

Ta kashe wayar. Ina tsoro, bari in rubuta shi a fili tunda ba mai gani. Ina son matata. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban san inda take ajiye gishiri ba, ban san yadda ake zama a gidan nan ba ita ba. Kuma yaron nan ni na koya masa iyo, a kan tsohuwar tashar nan, yana riƙe da wuyana.

Lahadi, 20 ga Oktoba, da safe

Ba baƙo ko ɗaya. Na share gidan wankan Rumawa, wanda ba aikina ba ne.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan La'asar

Sa'ad ya zo da dabara, shi dama tun muna yara shi ne mai dabara. Ya ce, "Yaya, kai ka rantse ba za ka kalle shi ba. Ai ba ka rantse shi ba zai kalle ka ba. Ka shiga ido rufe, ni in riƙe hannunka. Ya gan ka, ku gaisa, mu fito. Ba kare bin damo."

Muka je wa Shehu da ita. Ya yi ta jan casbi, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can ya ce haka ne, rantsuwar a kan idona take. In ban kalla ba, ba abin da ya faɗi. Da muka miƙe ya riƙo gefen rigata, ya ce, "Amma Atiya, ido ba a sa masa linzami. In ka san ba za ka iya ba, ka yi masa magana ta waya." Na ce zan iya. Sa'ad ya ce ko ƙyalle za a ɗaura mini, na ce ba za a shiga da ni gaban ɗana kamar raƙumin da za a yanka ba.

Na gaya wa Najiya. Ta ce Allah ya kawo mu lafiya, kuma in zo mata da baƙin mayafinta, na wajenta ya yi datti.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Kafin baƙi su zo na gwada. Na rufe ido daga ƙofar yamma na bi babban titin birnin, wanda nake cewa ko cikin barci zan iya binsa. Ban yi nisa ba na buga ƙauri da guntun ginshiƙi, har jini. Na sake, na kai majami'a. Na sake, ina magana da ƙarfi kamar ina gaishe shi, don in ji ko idon zai tsaya a rufe in baki yana aiki. Yana tsayawa. Da na buɗe sai ga wani Bature da jakarsa a baya yana kallona. Ya tambaya ko wata ibada ce ta mutanen da. Na ce e, na karɓi tikitinsa.

Gobe da asuba za mu kama hanya. Na ɗauko mayafin, na sayi dabino da burodin gidan Mas'ud da Miftah yake so.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan La'asar, a harabar asibiti

A bakin ƙofar ɗakin na rufe ido. Sa'ad ya riƙe ni a gwiwar hannu, yana cewa dama, hagu, ga kujera kada ka buge. Warin magani, da ƙarar wata na'ura. Na ji motsin Najiya a hannun hagu, na san ƙarar awarwaronta. Na miƙa mata ledar, ta karɓa. Na yi sallama.

"Wa alaikumus salam, Baba."

Muryar ba ta canja ba, sai dai kamar bakin ba ya buɗewa duka. Na ce ya jiki. Ya ce da sauƙi. Ya ce in matso ta gefen taga, ta nan ne yake gani. Sa'ad ya matsar da ni, na ji rana a kumatuna. Ya ce na rame. Na ce girkin matar Sa'ad ne, Sa'ad ya ce Allah ya isa, muka yi 'yar dariya. Ya tambayi kufai, na ce yana nan inda ya bar shi. Sai ya ce, "Baba, dutsen—" na ce a bar maganar dutse. Komai yana tafiya daidai. Sa'ad ya matsa mini hannu, alamar ya isa haka, mu fita.

Na laluba don in dafa kansa, hannuna ya sauka a kan bandeji. Ina jin idona ya motsa, don da sauri ya ce, "A'a Baba, bar su a rufe. Don Allah. Saboda Umma. Wallahi ba abin da za ka gani, ni ma da suka ba ni madubi mayar musu na yi."

Na buɗe.

Ba zan rubuta abin da na gani ba. Ɗana ne. Gashin girar yana nan a gefe ɗaya. Idon daman yana kallona, ja wur, yana zubar da ruwa, yana cewa me ka yi, Baba, me ka yi. Sa'ad ya saki hannuna ya yi salati.

Na juya wajen Najiya. Tana tsaye jikin bango, ta dube ni sosai, ba ta yi kuka ba. Sai ta buɗe ledar da na kawo, ta zaro baƙin mayafin, ta warware shi a hankali, ta yafa, ta ja gefensa ta rufe fuskarta, kamar yadda take yi in baƙon namiji ya shigo gida. Ta jawo kujerar da take kwana a kai, ta ajiye ta a gefen taga. Tun ranar da aka kawo ta gidana ba ta taɓa kama sunana ba.

Ta ce, "Zauna nan, Alhaji Atiya. Nan ne haske. Bari ya gan ka da kyau."

Na zauna. Na kalle shi, ya kalle ni, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.